Kifin da Ke Iyo a Rigingine

Ni dai ban iya haɗiye magana ba. Tun ina ƙarama Inna, Allah ya jiƙanta, take cewa bakina zai kai ni inda ƙafata ba ta yi niyya ba. Ya kuwa kai ni, har birni, da baho da jarkar kifi.

Babana masunci ne. A wani ƙauyen bakin tafki ta wajen Ngaski aka haife shi, a cikin jirgi ya tsufa. Da yanar ido ta rage masa gani, na ɗauko shi na dawo da shi gidana a Yelwa, inda nake sana'ar banda. Zaman gari bai yi masa ba. Abu biyu suka riƙe shi: rediyonsa, da majalisar ƙofar wani tela a bakin layinmu, inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar. 'Yan kasuwa ne da tsofaffin ma'aikata, mutanen da a cikin miya kawai suka san kifi. Can yake lallaɓawa da sandarsa, ya dawo yana fara'a.

Duk Laraba suna sauraren wani shiri na abubuwan ban mamaki. Wani saurayi mai zaƙin murya ke gabatarwa. Ya ce giwa ba ta iya tsalle, ya ce zuma ba ta ruɓewa, dattawa su yi ta jinjina kai. A ƙarshe sai ya buɗe layi, mai abin mamaki ya bugo.

Wata Laraba ina juya kifi a kan banda, ƙaramin rediyona na gefe, sai na ji muryar Baba. Ashe telan ne ya buga masa. Ya yi sallama a natse, ya ce a tafkinmu akwai wani irin kifin kurungu da ke iyo a rigingine, cikinsa sama, bayansa ƙasa, haka yake kiwonsa a fuskar ruwa.

Saurayin ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba, ai kowane kifi in ya mutu haka yake yi."

Ya saki irin dariyar nan ta na'ura, ya katse layin.

Majalisa ta ɗauka. Kwana da kwanaki, da Baba ya zauna sai wani ya tambaye shi ko kifinsa ya tashi daga barci. Abin da ya fi ƙona min rai, a cikinsu akwai wanda ya yi tuƙin jirgi da ƙuruciya, ya san maganar gaskiya ce, amma ya bi sahun masu dariya don kada a ce shi ma ɗan ƙauye ne. Baba ya daina fita, ya kife rediyonsa a kan taga, tuwo ma sai ya tsakura ya ture. Mutumin da ko a hirar masunta bai taɓa ƙara wa kifi taƙi ɗaya ba, yau shi ne maƙaryacin unguwa.

Na aika wa ƙanin Baba a ƙauye ya kamo min irin kurungun nan masu rai. Maigidana ya ce, "Ke yanzu da gidan rediyo za ki yi shari'a?" Na ce ba shari'a ba ce, gani ya kori ji, zan kai musu su gani. Ya san halina, sai ya ce Allah ya tsare hanya.

Larabar da ta zagayo na shiga motar farko ta zuwa birni da guda shida a jarkar da aka yanke wa kai. Duk ramin da muka faɗa sai ruwa ya fantsamo wa wani, ga kurungu da gurnani in ya takura. Wata mata ta yi ta mita tun daga Shanga. Na ce mata ta yi haƙuri, shaidu na ɗauko. A Koko na sauya musu ruwa, duk da haka kafin mu isa biyu sun mutu.

Maigadin gidan rediyon ya ce ba a tallar kifi a nan. Na ce ba na sayarwa ba ne, na shimfiɗa gyalena a inuwar katanga na zauna. Ya kore ni, na ƙi tashi. Da ya ga zaman nawa ya fara tara mutane, ya shiga ya kira saurayin. Ɗan siriri ne, ko ƙanena bai kai ba. Na gaya masa ko ni 'yar wa ce, na juye jarkar a baho.

Kifayen suka nutse ƙasa suka lafe, bayansu sama, kamar kowane kifi. Na ce a raina, yau kun kashe ni. Saurayin ya fara duba agogo. Na ce kowa ya ja da baya, ya yi shiru, kifayen tsoro suke ji. Can sai ɗaya ya taso a hankali, ya juya, ya kwanta a rigingine yana bin fuskar ruwa da baki. Na biyu ya biyo shi.

Ya ce, "Hajiya, zafi ne ya buge su, mutuwa suke yi."

Na ce, "To sa hannu ka ɗauko min gawar."

Ya miƙa hannu. Kifin ya harba zuwa ɗaya gefen bahon, yana nan a rigingine, ya watsa masa ruwa a riga. Allah ya so shi bai damƙa ba, don ƙayar kurungu ba ta san ɗan boko ba. Na ɗauko matacce ɗaya na nuna masa. Kifin da ya saba gani bayansa ne mai duhu, cikinsa fari. Wannan cikinsa ne baƙi, don shi ke kallon sama.

Sai saurayin ya zaro waya ya hau latse-latse. Jim kaɗan ya zaro ido, ya ce, "Wallahi akwai shi, Turawa sun rubuta."

Wannan ta fi dariyar yi min ciwo. Ga kifi a gabansa yana iyo, amma sai da waya ta ba shi izini ya yarda.

Ya ce zai karanta a shirin yau cewa masana sun tabbatar. Na ce ba masana ba, babana, kuma da bakina zan faɗa. Muka ja, muka ja, har shugabansu ya fito ya ce a ba ni minti ɗaya. Na zauna gaban abin magana, na faɗi sunan Baba da na ubansa da na ƙauyenmu. Na ce abin da ya faɗa gaskiya ne, ga shaida nan a baho a ƙofar gidan nan. Saurayin ya ba da haƙuri, ba laifi, ya yi shi da ladabi.

Washegari na dawo ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Maigidana ya kunna wa Baba shirin, ya ji komai. Da la'asar sai ga telan da dattawa uku a zaure. Ina daga bayan ƙofa telan ya ce, "Malam, ashe gaskiya ce, mun ji rediyo ta faɗa. Ka dawo, wurinka na nan."

Baba ya ce, "Ran da na faɗa, mi ya hana ta zama gaskiya?"

Suka yi 'yan kame-kame suka tashi.

Ni kuwa na riga na goge masa babbar rigarsa. So nake ya je ya zauna a tsakiyarsu, su sunkuyar da kai. Na kai masa, ya shafa ta da hannu, ya ajiye a gefe.

Ya ce, "Ɗiyata, kin sha hanya, Allah shi yi miki albarka. Amma ba ni komawa. Ba ni suka gaskata ba, akwatin rediyo suka gaskata. In kina son faranta min, kai ni bakin ruwa."

Na yi kuka a ranar, na takaici, don na ɗauka na maido masa da abin da aka ƙwace. Amma na kama sandarsa muka fita. Hanyar tashar jiragen ruwa ta ƙofar telan ta bi, babu wata. Shekara biyu, har Allah ya karɓi abinsa, kullum la'asar ta nan muke wucewa. Su matsa su gyara masa wuri a tabarma, shi kuma ya yi musu sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya ce da ni mu je.