Nauya Mai Bin Numfashin Napatsi

A garinmu, can arewa ƙasar ƙanƙara, gefen tsibirin Baffin, idan ka ce Nauya sai an tambaye ka, "Ta Napatsi?" kamar da akwai wata. Ba 'yan'uwa ba ne, ba kuma a tanti ɗaya aka haife su ba. Suna ne ya haɗa su. Napatsi ta ci sunan wani tsohon maharbi, Nauya kuwa aka raɗa mata sunan matar tsohon. To, a wurinmu wanda ya ci suna ya ci dangantaka, don haka tun suna tatata Napatsi ke ce mata "matata", ita kuma tana kiran ta "maigida". Har suka yi furfura ba su canja ba. Jusipi, mijin Nauya na gaskiya, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi dai ɗan haya ne a gidan nan.

Abin da aka san su da shi wasan maƙogwaro ne, katajjak. Mata biyu su tsaya fuska da fuska, kowace ta riƙe damatsan 'yar'uwarta, ɗaya ta ja, ɗaya ta bi ta a baya da rabin numfashi, har sautin ya sarƙe ka rasa wanne ke fita daga bakin wa. Wadda ta fara dariya, ko numfashinta ya yanke, ta faɗi.

Sun koya ne a zamanin da limamin coci ya hana, wai muryar shaiɗan ce. Kakar Napatsi, wata gajeriyar tsohuwa da lofe ba ya barin bakinta, ita ta ɗauke su da bazara zuwa kan tudu da sunan tsinkar shuɗɗan 'ya'yan ciyawa da ake ci. Da suka ɓace wa tantuna ta ajiye gwangwaninta, ta dube su sama da ƙasa.

"Ke mai baki, ja. Ke mai kunne, bi ta."

Wannan magana ɗaya ta tsohuwa ita ta raba musu aiki har tsufa. Napatsi ke ja, Nauya ke bi. Suka koyi kukan dinya, da ƙugin iska a jikin tanti, da hakin karnuka idan sun jawo kaya daga nesa, da zizar sauro. Suka dawo gida gwangwani rabi, baki shuɗi, murya a dishe, iyaye suna ta faɗan cewa sanyi ya kama su.

Kuma Nauya ba ta taɓa cin wasan ba, ko sau ɗaya. Ba don numfashi ba, numfashinta ya fi na Napatsi tsawo, kowa ya san haka. Gira ce matsalar. Mu nan idan za mu ce i sai mu ɗaga gira biyu, idan a'a ce mu yamutsa hanci. Napatsi kuwa, da ta ga wasa ya yi nisa, sai ta ɗaga gira ɗaya tak, ta hagu, fuska a murtuke kamar mai karanta addu'a. Gira ɗaya ba ta nufin komai, kuma abin da ke kashe Nauya ke nan. Sai ka ga ta saki hannu ta durƙushe tana riƙe ciki.

"Maigida, wannan ai cuta ce!"

"Ni na ce ki dube ni? Matata, rufe idonki mana."

"In na rufe ina ganin ta a raina!"

Haka suka yi ta yi. Aka kwashe mu daga tantuna aka zuba a gidajen katako, aka kawo rediyo da babur ɗin ƙanƙara. Nauya ta yi aure, ta goyi 'ya'ya a bayan rigarta, ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makaranta abinci, da yamma tana tauna fata don ta yi laushi tana ɗinka takalma har haƙoranta na gaba suka cinye. Limamai ma suka sauko daga fushinsu. Duk bikin Kirsimeti, bayan an shimfiɗa kwali a ƙasan zauren gari an ci ɗanyen nama an sha shayi, sai a yi ta kira, "Ina ma'auratan nan?" Su tashi suna gyara riga, mu yara mu matso har muna taka ƙafafunsu.

Wasan da muka fi so shi ne wanda suka ƙirƙira da kansu don tsokanar Jusipi. Yana da wani tsohon injin kwalekwale da ba ya tashi sai ya ga dama. Zai ja igiya, inji ya yi tari ya mutu, ya sake ja, ya zage shi, ya roƙe shi, duk gari na kallo daga bakin ruwa. Napatsi ta ɗauki wannan tarin da wannan gurnanin ta zuba a maƙogwaro, Nauya ta bi. Suka sa masa suna Injin Jusipi. Ranar da suka fara yin sa a zaure Jusipi ya tashi ya fita, amma an gan shi a ƙofa yana share hawayen dariya da hularsa.

Wayyo, wancan lokaci. Ban san ko abincin ne ya fi daɗi ba, ko mu ne muka fi yunwa.

Mantuwa ta shigo wa Napatsi a hankali. Yau ta sa buta a cikin firji, gobe ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Ranar da aka tsinto ta a kan ƙanƙarar teku ba safar hannu, wai tana neman tantin uwarta, 'ya'yanta suka san abin ya fi ƙarfinsu. Garinmu ba shi da gidan kula da tsofaffi. Har yau abin yana ci mini rai, a ce mutum ya yi rayuwarsa duka a nan, sai da ya daina gane hanya sannan za a kai shi inda bai taɓa sani ba. Aka sa ta a jirgi zuwa Ottawa, babban birni can kudu mai nisa. Nauya ta tsaya a filin jirgi har ƙararsa ta ɓace, ta koma gida. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin maƙogwaronta.

Ana nan sai rediyon gari ya sanar cewa wata gidauniya da ke tallafa wa masu riƙe da al'adun mutanen asali ta zaɓi Nauya a bana. Za a ɗauke mata nauyin shekara guda, ita kuma ta koyar da abin da ta sani. Gari ya ɗauka, mutane suna ta bugo waya rediyo suna taya murna. Nauya na zaune tana ɗinki, ta miƙa hannu ta rage muryar rediyon.

Wadda gidauniyar ta turo, Mialisa, 'yarmu ce daga Iqaluit, babban garin yankinmu, mai hankali, ta san a cire takalmi a ƙofa a zauna a ƙasa. Ta sha shayi ta ci fanke, sannan ta kawo maganar. Nauya ta yamutsa hanci.

"'Yata, kun yi kuskure. Rabin mutum kuka zaɓa."

"Inna, mun sani ku biyu ne. Amma ke ce a gari, kuma 'yan matan nan babu wanda zai koya musu. Waɗanda suka ɗan iya ma a waya suka ji."

"A waya! Waya tana da damtse da za a riƙe?"

Mialisa ta yi dariya, ta ci gaba da lallashi har Nauya ta yarda ta gwada. Aka tara 'yan mata a zauren makaranta, aka turo mata ɗaya gabanta. Nauya ta riƙe damatsanta, ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta jira. Yarinyar ma ta jira. Suka tsaya suna kallon juna kamar waɗanda suka haɗu a ƙofa kowa na ba ɗan'uwansa hanya. Can wata ta ƙyalƙyale da dariya a baya. Nauya ta buɗe baki ta ji babu komai a ciki. Duk waƙoƙin suna nan a ƙirjinta, amma kowace tana bayan numfashin Napatsi, kuma ita ba ta taɓa sanin ta inda ake shiga ba sai an buɗe mata.

Ta saki yarinyar, ta ɗauki rigarta ta fita. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga tsoro a kai, domin ta gane idan ba ta iya farawa ba, duk abin da tsohuwa mai lofe ta ba su a kan tudu zai bi ta kabari.

Mialisa ta same ta a gida. Ba ta yi mata wa'azi ba.

"Inna, tallafin nan naki ne, an ce a ba ki abin da aikin ke buƙata. Me yake buƙata?"

"Maigidana yake buƙata."

"To, sai mu je wurin maigidan."

Kuɗin jirgi daga garinmu zuwa kudu ba abin da mai dafa abincin makaranta za ta yi mafarkinsa ba ne, shi ya sa ba ta taɓa zuwa ba. A wannan karon ta hau, da kwalin daskararren kifi a matsayin kaya, da wuƙarta mai siffar rabin wata a naɗe cikin tawul.

Ta tarar da Napatsi a kujera gefen taga, ta rame, an yanke mata gashi, tana kallon wata itaciya. Mace ce da ta girma ba ta taɓa ganin abin da ya fi gwiwarta tsawo ya tsiro daga ƙasa ba. Ma'aikatan gidan suna da kirki, amma babu mai jin harshenmu, suka ce ta daɗe ba ta yi magana ba.

"Maigida, na zo."

Napatsi ta juyo ta dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙuwa. Nauya ta buɗe kwali. Da ganin kifi hannun Napatsi ya karɓi wuƙa, ya yanka siriri siriri yadda ya saba, ta ci har da lumshe ido. Nauya ta ce a ranta, tunda hannu bai manta ba, maƙogwaro ma bai manta ba. Ta tashe ta tsaye, ta riƙe damatsanta, ta jira. Napatsi ta tsaya tana kallon maɓallin rigarta.

Kullum haka. Ta zo da safe, su ci kifi, ta tashe ta, ta jira, ta zaunar da ita. Kifi ya ƙare. Ranar komawa ta zo, Mialisa na ƙofa da jaka, Nauya ta tashe ta karo na ƙarshe. Shiru. Sai haushi ya kama ta, haushin tsofaffin ma'aurata.

"Haba maigida! Tun muna yara kike ja na duk inda kika so, yau da nake buƙatarki kin tsaya mini ƙiƙam. Ko injin Jusipi ai ya fi ki, shi in an ja shi yana ɗan yin tari!"

Don ta nuna mata, ta yi tarin. Daga can ƙasan maƙogwaro ya fito, gurnanin inji mai taurin kai. Ta sake ja, ya sake fitowa. A ja na uku ta ji wani abu ya shigo bayan numfashinta, daidai gurbin da ita ta zauna a ciki duk rayuwarta. Yatsun Napatsi suka matse damtsenta. Murya ce a dishe, amma ba ta kuskure ko rabin numfashi ba. Nauya ta ja, Napatsi ta bi. Suka fara rangaji, inji ya tashi, ya kama ruwa, ya yi gudun da bai taɓa yi wa Jusipi ba. Ma'aikata suka taru a ƙofa, Mialisa ta ajiye jaka.

Nauya tana ja tana kallon girar hagu, tana jira ta ɗaga. Ba ta ɗaga ba. Sai kafaɗun Napatsi suka fara rawa, bakinta ya buɗe, ta fashe da dariya har ta faɗa jikin Nauya.

"Matata," in ji ta tana haki, "wa ya ba ki izinin tuƙi?"

Nauya ta rungume ta ta fashe da kuka. Tun tana yarinya take burin ranar da za ta ci wasan nan, ga shi ta ci, kuma da za a karɓe a mayar mata da girar nan sau ɗaya, da gudu za ta bayar. Kafin a zaunar da Napatsi idonta ya koma kan itaciya. Napatsi ba ta ga bazarar da ta biyo baya ba, kafin nan ta rasu.

Nauya ta dawo ta koma zauren makaranta. Shekarar tallafi ta ƙare, ita ba ta daina ba. Yanzu duk yamma za ka ji dinya da sauro da Injin Jusipi suna fita ta tagar zauren, kuma ba ta yarda wata ta zauna a gurbi ɗaya, wadda ta ja yau gobe ita za ta bi. 'Yan matan suna ƙorafi cewa ba a cin tsohuwar nan, wai tana cuta. Rannan na leƙa na gani da idona. Wasa ya yi nisa, numfashinta ya fara gajarta, sai ta murtuke fuska ta ɗaga gira ɗaya, ta hagu. Yarinyar ta zube ƙasa tana dariya. Ni kuwa fita na yi waje, na tsaya cikin sanyi har idona ya bushe.