Makullin Lambun Yaya

Yayana, ɗan wan babana, shi ya ɓata min suna a Dutse. Dabinonsa ya lalace, ya ce ni na lalata shi.

Sana'ata barbarar dabino ce. A aji huɗu na bar makaranta, amma hawan dabino tun ina yaro na iya shi. Idan sanyi ya shigo, macen dabino ta buɗe fure, sai a hau a ɗaura mata furen namiji. Ba ta jiran kowa. In ta buɗe aka bar ta, shi ke nan, sai baɗi.

A shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ciwon kwangila ya kama Yaya. Kullum yana sakatariya da babbar riga, yana jiran a kira shi. Lambun kuwa ya sa masa ƙofar langa-langa da kwaɗo, wai saboda ɓarayi, makulli a aljihunsa. Na je gidansa, matarsa ta ce ya fita. Na koma, aka ce ya tafi Ringim ganin wani babba. Ta saman katanga nake hango furen yana bushewa. Ranar da ya miƙo min makullin har da cewa, "Kai, yi sauri mana." Na ce masa lokaci ya wuce. Ya ce in hau kawai. Na hau.

'Ya'yan suka fito sirara, ba ƙwallo, suka zube ɗanyu. Kwangilar ma ba ta zo ba. Sai ya dinga zama cikin dattawan unguwa yana cewa hassada ce, wai furen banza na ɗaura masa da gangan. Da sanyi ya zagayo, masu lambun da na yi shekaru ina hau musu suka ɗauko wani daga Jahun. Ni na koma dako a kasuwa.

Da shari'ar Musulunci ta zo jihar, abokaina suka ce in kai shi gaban alƙali. Na ce ba zan tsaya da jinina a kotu ba, amma bakina nawa ne. Na same shi bayan sallar Juma'a a ƙofar gidansa, dattawan nan duk suna kan tabarma. Na gaishe shi yadda ya kamata, ban zauna ba. Na ce:

"Yaya, lokacin da furen nan ya bushe, makulli a aljihun wa yake? Faɗa musu. Ba hassada ta kashe maka dabino ba, zaman sakatariya ne. Ni ba diyya na zo nema ba. Laifinka ne, ka riƙe abinka, na gaji da riƙe maka. Kuma bana sai na hau dabino a garin nan, ko ka faɗa ko kada ka faɗa."