Gilashin da Ya Kwanar da Yayana a Gida

Motocin da na sa wa gilashi a rayuwata suna da yawa, na manta da akasarinsu. Amma motar yayana, da daminar da ƙahon bijimi ya fasa mata ɗan gilashin gefe a ƙofar gidanmu a Madarumfa, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Sana'ata ke nan, sa gilashin mota. Ina da ɗan shago a Maraɗi cikin masu gyaran mota, in hau babur da safe in dawo da yamma, don ni da iyalina gida ɗaya muke da Inna. Yaya kuwa shi ne ɗan farinta. Tun yana saurayi ya tsallaka Najeriya ya zauna Kano, Allah Ya buɗa masa a kasuwanci. Tsakani da Allah bai taɓa yada mu ba. Shinkafa, magani, kayan Salla, duk yana aikowa. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya kwana. Zai iso da hantsi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta, ya zaga dangi, ana sallame la'asar ya ce hanya ba ta da kyau da dare, ya juya.

Ita kuma Inna bakinta ba zai iya cewa ya tsaya ba. Wanda ya san iyayenmu na da ya san kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, magana tsakaninsu ba ta wuce amsa gaisuwa. "Mutumin Kano" take ce masa. Amma ni da ke cikin gidan na san abin da bai sani ba. Duk ranar da aka ce yana tafe, sai ta share ɗakin marigayi babanmu da hannunta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ɗaura gidan sauro. In ya tafi da yamma, ta koma ta naɗe kayanta. Na sha ce mata, "Inna, ki bari in gaya masa mana." Sai ta harare ni ta ce, "Ka kuskura! Mutum da harkokinai." Shi ma na taɓa ɗan taɓo masa zancen, ya ce, "Ai da Inna na so in kwana da ta faɗa." Ka ji fa! Ga tsohuwa ƙarfinta na raguwa kowace shekara, ga mutum biyu kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Abin yana ci mini rai, don ina tsoron ranar da zai zo ya kwana a gidan dole, ita ba ta nan.

A wannan daminar ya zo da sabuwar mota, baƙa wuluk, irin mai aiki da lantarki. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Hannun ƙofa ma ba ka ganinsa sai mai ita ya matso ya fito da kansa. Rabin unguwa sai da suka zo kallo. Ni kuwa da na zagaya ta, gilasanta kawai nake dubawa, kowa da abin da ya dame shi. Na ce, "Yaya, wannan in ta fashe ai sai addu'a." Ya yi dariya ya ce in rufe bakina. Ashe bakin nawa ya riga ya yi aiki.

La'asar ta yi, ya yi sallama da Inna kamar kullum, ta amsa tana kallon ƙasa. Ya shiga mota ya fara ja da baya a lungunmu. Daidai nan Kawu, ƙanen Inna, ya kwance shanunsa na huɗa daga amalanke, ya dawo daga gona. Shanun nan sun saba da mota, da sun ji rurin inji suke raɓewa da kansu. To wannan ba ta ruri. Babban san yana tsaye yana tuƙa, bai san da komai ba sai da ya ga baƙin abu a gefen idonsa. Ya firgita ya kaɗa kai, sai muka ji tas! Ɗan ƙaramin gilashin nan na baya, wanda ke bayan ƙofa, wanda ba ya sauka ba ya hawa, ya zube kan kujera kamar an watsa gishiri.

Kawu ya dafe kai yana salati. Da ya ga Yaya ya fito lafiya kuma ransa bai ɓaci ba, sai tsoron ya koma faɗa. Ya ce, "Kai ma dai, wace irin mota ce wagga da ba ta ko gyaran murya? Ko ɓarawo ai ana jin sawunai!" Yaya ya yi ta ba shi haƙuri, kai ka ce shi ya fasa wa san ƙaho.

Kafin a gama jajantawa hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Yaya ya ce in liƙa masa leda ya kama hanya, a gyara a Kano. Na liƙa ledar, amma na gaya masa gaskiya: in iska ta samu leda a kan gudu ba za ta kai iyaka ba, ga kujerun fata, ga wayoyin wuta a bayan marfin da ke ƙarƙashin tagar. Sannan na ƙara da abin da ke cikina. Na ce, "Kuma Yaya, ƙanenka mai gilashi ne, garin nan kowa ya sani. Ka ɗauki mota da leda ka kai wa wani a Kano? Gobe da wane ido zan shiga kasuwa?" Ya dube ni, ya dubi sama, ruwa ya fara ɗiga. Ya ciro waya ya kira masu sayar da kayan motar a Kano, suka ce suna da irinsa, za su ba direban layin Maraɗi da safe. Muka tura motar rumfar maƙwabcinmu mai walda, aka jona mata wuta.

Da na shiga gida na ce, "Inna, mutumin Kano fa yau nan zai kwana," ba ta ɗago ba. Cewa ta yi, "To, Allah Ya kyauta." Amma tsohuwar da kullum sai ta dafa bango take miƙewa, ranar ban ga lokacin da ta tashi ba. Ta aike ni bakin tabki wajen masunta in samo karfasa tun ruwa bai yi ƙarfi ba, ta kori matata daga murhu, ta tuƙa tuwon gero da kanta. Da aka gama ta miƙo mini kwano ta ce, "Kai wa baƙonka." Baƙona fa!

Yaya ya shiga ɗakin babanmu ya tarar da tabarma a shimfiɗe, gidan sauro a ɗaure, har da buta cike da ruwa. Ya ce, "Kai, har an yi saurin gyara ɗaki haka?" Na ce, "Tun jiya yake a gyare." Ya ce, "Wa ya san zan kwana?" An hana ni faɗa, don haka ban faɗa ba. Na dai ce, "Kullum in za ka zo haka yake." Ya daɗe yana kallon tabarmar. Da safe kuma Inna ta aiko da fura mai yaji sosai, ba sukari, yadda babu mai shanta a gidan. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ludayin, ya ce tun yana ɗan lekol, wato makarantar boko, rabonsa da irin wannan. Sai na fita na ba shi wuri.

Gilashin ya iso da azahar, an naɗe shi cikin kwali da bargo kamar jariri. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa sa hannu a irin wannan mota ba. Amma gilashin da ba ya buɗewa duk hanyarsa ɗaya ce, ko a motar haya ko a ta Alhaji: ba ƙusa ke riƙe shi ba, kol ne, wato baƙin gam mai kauri. Na ɓanɓare marfin ciki a hankali don kada maƙalansa su karye. Yaya na tsaye a kaina yana cewa, "Ka kiyayi duk wayar da ka gani ruwan lemo, masu ƙera motar sun ce ita ce mai kisa." Na ce, "Ko ruwan zuma ce ba ruwana da ita." Na tsince ɓaraguzan gilashi har cikin ɗinkin kujera, na yanke tsohon kol da wuƙa na bar ɗan siriri a jikin ƙarfe, don sabo ya fi kama ɗan'uwansa. Na goge, na shafa baƙin ruwan da ake fara shafawa, sannan na zagaya bakin da sabon kol ba tare da na ɗaga hannu ba.

Wurin ɗorawa shi ne wurin da ba a kuskure, don in ya zauna ya zauna. Na ce, "Yaya, cire babbar rigar nan ka kama mini." Ya cire ya rataya a rumfa, ya tsuguna, muka ɗaga tare, ni ina ba da umarni shi yana cewa to. Rabon da mu yi aiki tare tun muna ɗiban ruwa a tabki muna ba lambun babanmu. Gilashi ya zauna daram, layinsa ya yi daidai da na ƙofa. Na ɗaure shi da sikoc, wato salatif, na ɗan sauke gilashin gaba don in an rufe ƙofa iska ta samu mafita kada ta turo sabon. Sannan na gaya masa cewa kol ɗin da muke samu a Maraɗi ba mai saurin bushewa ba ne, in ya hau hanyarmu mai ramuka yanzu gilashin zai goce, sai ya kwana ya kama. Wannan ba dabara ba ce, haka aikin yake. Bai yi gardama ba ko kaɗan.

Da yamma ina wanke hannu a tsakar gida, Inna ta matso kamar mai neman wani abu a bayan randa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Shi wanga kol ɗin naku, babu wanda ya hi shi daɗewa bai bushe ba?" Wallahi dariya ta kusa kayar da ni cikin kwata. Na ce, "Inna, ai sai dai in sake kiran san Kawu." Ta ɗaga muciya ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗan nema!" Amma na ga tana murmushi.

Washegari da hantsi na je na cire sikoc, na danna gilashin ta kowace kusurwa. Ya kama gam, ko motsi. Na zuba masa ruwa da buta, ko ɗigo bai shiga ba. Raina ya yi daɗi da aikin, ya kuma sosu, don na san abin da ya rage. Yaya ya fito da jakarsa. Inna na ƙofar zaure da tsintsiya tana share wurin da aka riga aka share, ta juya mana baya. Na ce, "Yaya, ya bushe. Hanya taka ce."

Ya ajiye jakar, ya zo ya sa babban yatsa a gefen gilashin ya danna. Ya daɗe yana dannawa. Sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata tsakanin mutum biyu da ke tsaye kusa da juna, ya ce, "Anya kuwa? Ni fa ji nake kamar da saura."

Na buɗe baki zan kare aikina, don ni a kan sana'ata ba na ɗaukar raini. Sai na ga ba ni yake kallo ba. Na haɗiye maganata, na sa nawa yatsan a kan kol ɗin da ya yi tauri kamar taya, na ce, "Ka fi ni gaskiya. Damina ce."

Tsintsiya ta tsaya. Inna ba ta juyo ba, amma ta yi magana, kuma a iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi da shi a gaban mutane. Ta ce, "To a bar shi ya bushe mana. Gaugawar mi ake?" Ta shige gida, jim kaɗan muka ji ta tana ce wa matata a ƙara gero a turmi. Yaya ya ɗauki jakarsa ya mayar ɗakin babanmu. Sai da ya ƙara kwanaki, aka yi sallar Juma'a da shi a garin nan kafin ya tafi.

Shekaru sun ɗan ja yanzu. Inna na nan da ranta, alhamdu lillahi, sai dai ido ya yi rauni. Har yau ba ta faɗin sunansa, har yau mutumin Kano ne. Amma ba ta ƙara naɗe tabarmar nan da yamma ba. In ya zo yakan danna hon tun daga bakin lungu saboda shanun Kawu, ya ajiye mota a rumfar mai walda, ya dube ni ya ce, "Mai gilashi, duba mini kol ɗin nan." Ni kuma in danna in girgiza kai in ce da saura.

Abin da na koya a wannan damina shi ne, mutane da yawa ba taurin zuciya ke hana su yin abin da ya kamata ba, kunya ce da rashin mafari. In ka ga masoya biyu sun kasa faɗa wa juna abin da ke ransu, kada ka tsaya tilasta musu magana. Ka samar musu ɗan dalilin da za su fake da shi, in kuma sun samo da kansu, ka rufe bakinka ka ce haka ne.