Madubin Bawa Direba

Shekara ashirin da shida Bawa ya yi yana jan bas tsakanin Gwandu da Kalgo, kuma duk tsawon shekarun nan tsuntsu iri biyu ne a wurinsa: wanda ake ci, da wanda ke yi masa kashi a gilashin mota. Sai da ciwon baya ya kusa raba shi da sitiyari sannan wata malamar jami'a, Dakta Hafiza, ta ɗauke shi shata na mako biyu, yana kai ta fadama tana ƙirga tsuntsayen ruwa. Ranar ƙarshe ta miƙa masa madubin hangen nesa da take ratayawa a wuya. Bawa ya kara a ido, sai ga zalɓe a gabansa har yana ganin ƙwayar idonsa. Ya ja da baya yana salati, saura kaɗan ya faɗa ruwa.

Da ya ajiye tuƙi, majalisarsu ta bakin tasha ba ta ƙara samun sakat ba. Wata bakwai ya yi yana zaɓen madubin da zai saya, a wayarsa, da babbar murya. Yau mai lamba takwas ya fi, don ba ya rawa a hannu. Gobe mai lamba goma ne, don ya fi jawo abu kusa. Jibi kuma sai wanda ruwa ba ya shigarsa, kai ka ce a gindin rijiya zai nemi kurciya. Ya buga wa Dakta waya, ta ba shi shawarar ƙarami mara nauyi, daidai ɗan koyo. Kalmar nan ta ɗan koyo ita ta ɓata shawarar.

"Ni da na kai ta duk inda ta ga tsuntsu?" in ji shi.

Ya sayar da sansa na kiwo, ya aika Legas aka kawo masa mafi girma. Ranar da kwalin ya iso, a majalisa ya buɗe shi, bayan ya kafa doka cewa ba mai taɓawa sai ya wanke hannu. Abokinsa Haliru mai faci ya juya abin, ya leƙa ta baki, ya leƙa ta gindi.

"To Bawa, wanga abu shina nuna inda sanka ya tafi?"

Bawa ya karɓe kayansa, ya ce da jahili ba a doguwar magana.

Fitarsa ta farko, fadamar Kambaza ya nufa a kan babur, sanye da wata riga mai aljihu takwas. Ya samu tudu ya tsaya. Kafin ya cire marufi huɗu, ya goge gilashi, ya murɗa nan ya murɗa can, abin da ya zo gani ya tashi. Da kyar ya kama wasu tsuntsaye a kan ruwa, ya buɗe littafin da Dakta ta bar masa yana neman sunansu da Turanci. Wata tsohuwa mai suna Fatsuma tana cire ciyawa a gefe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kirinjijiya ce, ɗana. Ba ka jin kukanta? Kuma ka sauka min daga kan shinkafa."

Ya dawo gida wuyansa ya ƙage saboda nauyin madubin, matarsa Ruƙayyatu ta shafa masa man zafi.

Babban abin ya faru ne da kaka, dawa ta nuna. Da hantsi Bawa ya hau wani dutse a bayan gari, ya saita madubinsa, sai Allah ya kawo masa abin kallo. Tsuntsayen jan-baki ne, dubu kan dubu, sun taso kamar hayaƙi, suna murɗawa suna warwarewa. Suka sauka a wata gona. Madubin kuwa ya yi aikinsa: Bawa yana ganin jan bakin kowanne, yana ganin yadda yake tsinke ƙwayar dawa, har ɓawon da ke faɗowa. Daɗi ya kama shi. Ya zauna ya gyara zama, ya ciro biro yana rubutu. A ransa har ya ɗan tausaya wa mai gonar, ya ce wasu mutane dai ba su san tsaron abinsu ba.

Ya fi rabin awa a haka. Sai ya hango wata mata ta shigo gonar a guje tana buga tsohon kwano, mayafi na faɗuwa. Ya murɗa madubin don ya ga fuskarta da kyau. Ruƙayyatu ce.

Ko da ya gangaro ya iso, zangarniya ta zama tsintsiya. Ta tsaya tana haki, ta dube shi, ta dubi abin da ke rataye a wuyansa.

"Malam, ina kake?"

"Ina bisa dutse."

"Ka gan su?"

"Na gan su," ya ce a hankali. "Sarai."

"To alhamdu lillahi, tunda dai an gani."

Bana awo suke yi a gidan. Bawa bai daina fita ba, sai dai yanzu yakan sauke madubin lokaci-lokaci ya duba inda yake da idon da Allah ya ba shi. Littafinsa na rubutu ya kai tsuntsu goma sha tara, har da zabin maƙwabcinsa. Mutanen unguwa kuma sun gano amfaninsa: duk wanda akuyarsa ta ɓata, gidan Bawa yake fara zuwa. Yakan yi faɗa, ya ce ba don awaki aka ƙera abin ba, sannan ya ɗauki hularsa ya bi su.