Kwamfutata Tana Ɗakin Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran Kawu, ƙanen mahaifiyata, jim kaɗan bayan an isa da shi asibiti. Yayata ce ta kira ni ina tsakiyar aji, alli a hannuna. Kawu, zan faɗa maka abin da na kasa faɗa wa masu rai. Kafin in kai ƙarshen innalillahi, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne kwamfutata tana ɗakinka. Hawaye sun zo, kuma na gaskiya ne, amma daga baya suka zo. Tun ranar nake jin nauyin kaina.

Shekaru ka yi kana kula da kwamfutocin wata ma'aikata, da ka yi ritaya sai aikin ya biyo ka gida. Ƙaramin ɗakin nan na kusa da ƙofa ya zama wurin kai kuka: tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da kwali, wayoyi a cukurkuɗe cikin bokiti, fanka mai ƙara, da farar kujerar roba da kake kira kujerar masu jinya. Duk wanda rubutunsa ya salwanta a kanta yake zama. Ba ka taɓa na'urar mutum sai ya sha shayi, domin a cewarka mai firgici ba ya ba da labari daidai. Tambayarka ɗaya ce kullum: "Bayan ta ɗauke, me ka taɓa?" Kana cewa abin da ya ɓace a kwamfuta yawanci yana nan, kamar kaya ne a ɗakin da aka cire wa lamba, muddin ba a jibga sabon kaya a kai ba, ana iya samunsa.

Ban manta tsohon hedimastan layinku ba, wanda ya yini yana buga tarihin makarantarsa, na'ura ta tambaye shi ko ta adana, ya danna a'a. Ya zo maka hula a karkace, yana rantsuwa ya bar rubutu har abada. Ka shiga wani lungu da kwamfuta ke ajiye kwafi da kanta ba tare da an sa ta ba, ka zaƙulo masa abinsa. Ya rungume ka har tabaranka ya faɗi. Sai a lokacin ka fara yi masa faɗa, dattijon da ya girme ka, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Haka kake. Faɗanka yana jira sai an samu abin da ake nema. Idan kuwa ba a samu ba, ba ka yin faɗan sam, sai dai ka raka mutum har bakin titi.

Nawa ya same ni ranar Asabar kafin rasuwarka. Ina gyara babin ƙarshe na kundin digirina na biyu, fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, ta mutu. Da ta farfaɗo, jakar da kundin yake ciki wayam. Filashin da ka ba ni don in riƙa ajiye kwafi yana cikin durowa, ko ledarsa ban ɓare ba. Ƙarshen wata za a rufe karɓa, wanda bai miƙa ba sai baɗi, ni kuma makarantarmu ta riga ta gaya mini ba za ta ƙara ɗaga mini ƙafa ba.

Washegari na zo maka. Na same ka da rigar sanyi ana wannan zafi, kana tari, hannunka ɗaya a ƙirji. Na ce sannu sau ɗaya, na zuge jaka. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "'Yar nan, ko gaisuwar ma ba ki adana ba?" Na yi dariya. Ka ce in bar kwamfutar, wannan sai an bi ta a hankali, kada in sa rai da yawa kuma kada in cire.

A zaman makoki ina cikin mata a falo, carbi a hannu, ana ta ba da labarin alherinka. Daga inda nake zaune ana hango ƙofar ɗakinka a rufe. Allah ya sani na yi ta kawar da kai, idona yana komawa. Ina amsa gaisuwa, zuciyata tana lissafin kwanakin da suka rage a wata. Sau da yawa na tashi da niyyar yi wa Inna, matarka, magana, in na isa gabanta na ga idanunta sai in ce, "Inna, a kawo miki ruwa?" Ta sha ruwa a hannuna har ya ishe ta.

Ranar da baƙi suka fara raguwa, ita ta kama hannuna ta ja ni ɗakin. Kwamfutar tana kan tebur, a jone, kofin shayinka a gefe da sauran da ba ka shanye ba.

"Tun shekaranjiya nake ganin idonki a ƙofar nan," in ji ta. "Ya ce za ki zo kina kewaye-kewaye, kada in bar ki ki wahala. Buɗe."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zauna a kujerar robar, na buɗe. Ga kundina, daga shafin farko har zuwa jimlar da nake tsakiyar rubutawa ranar Asabar. Kawu, ban san lokacin da na ɗaga murya na ce alhamdulillahi ba, haƙorana duk a waje, a ɗakinka, a gaban matar da ba ta daɗe da shiga takaba ba. Na toshe bakina da mayafi, amma ta riga ta gani.

Na tambaye ta yaushe ka gama. Ta ce da safiyar Larabar. Tun bayan asuba ƙirjin ya matsa maka, mota tana waje, kai kuma ka ce a dakata, na'ura tana tsakiyar bincike, idan aka katse ta ba lalle a sake samu ba. Ka zauna da matashi a bayanka kana kallon allo har ta gama.

"Inna, da an tafi da wuri..." Na kasa ƙarasawa.

"Kul," ta ce. "Kwana ne ya ƙare, ba ke kika ƙirga masa ba. Kuma ki yi murnarki. Shi ma da ya ga ta fito har tafi ya yi."

Na miƙa kundin. Malamin da ke duba aikina ya ce na yi sa'a, na ce e, na fito na tsaya a bayan ofishinsa na yi kukan da ya kamata in fara yi tun ranar Laraba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta rufa mini asiri a ranar da ita ce ya kamata a lallashe ta. Ga mahaifiyata da ta rasa ƙane. Ga 'ya'yanka, 'yan'uwana, waɗanda har yanzu ban iya haɗa ido da su sosai ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka shafe kurakuransa shafewar da ba mai iya dawo da su, ka tattaro masa kowane alheri da ya yi, har wanda shi kansa ya manta. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Ni kuwa, Kawu, ka yafe mini. Na ga hannunka a ƙirji ranar Lahadi, na ajiye maka kwamfutar na tafi.