Sautin da Yaya Sule Ya Ba Alama Biyu

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule, malamin elementare a Kabo. In watan ya kama, addu'a kawai na saba yi masa. Bana kuwa akwai abin da ya hana ni sukuni, gara in faɗe shi.

Mahaifinmu, Baffa, yana da wata busar sarewa da yake kiran shanu da ita a Kutama, idan an cire gyaɗa an sake su a gonaki. Da ya tsufa, Yaya ya ji tsoron kada busar ta bi shi kabari. Ya koyi rubuta kiɗa a makarantar horon malamai, don haka kowane hutu sai ya hau motar gyaɗa ya zo gida, ya zauna gaban tsoho da fensir da littafi.

Akwai sauti ɗaya da yake ba alama biyu: wani wuri ya zana masa abu kamar tsani, wani wuri kamar ludayi. Na tambaye shi dalili. Ya ce a piyanon makarantarsu, abin kiɗan nan mai haƙora farare da baƙaƙe, baƙin haƙori ɗaya ake dannawa wa alamomin biyu, amma a sarewar Baffa yatsa ba ya kwanciya kan ramin iri ɗaya. Na ce wannan iyayin 'yan boko ne kawai. Ya yi dariya.

Bayan rasuwarsa gara ta shiga littafin, na sayi sabo na kwafe. Ni tela ne, ba na son aiki bambaraƙwai. Sai na mai da kowane ludayi tsani, tunda shi da bakinsa ya ce haƙori ɗaya ne. Tsohon littafin na jefa shi murhu.

Bara ɗansa Habibu ya kawo mai sarewa daga Kano, wanda ya iya karanta rubutun kiɗa, na ba shi littafin da na kwafe. Ya busa tsaf. Babbar yayarmu, Ladi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaro, ka iya, amma da wannan ko maraƙi ba zai ɗago kai ba." Habibu ya ɗora wa mai busa laifi. Ni kuwa na ɗauke littafin na mayar akwati.

Yaya Ladi ta rasu da azumi. Cikin waɗanda suka ji busar Baffa, ni kaɗai na rage, kunnena na hagu kuma ya fara mutuwa. Da Yaya Sule zai leƙo yau, ba na jin ƙarewar noman gyaɗa a Kutama za ta dame shi. Littafinsa zai nema, ni kuwa ban san da wane ido zan dube shi ba.

Tarbiyyarsa tana nan a jikin ɗalibansa, haƙurinsa yana wurin Habibu. Busar ce nake tsoro. Ranar Juma'a Habibu zai zo da rakoda in rera masa, a gyara takarda daga bakina. Jiya a shago na gwada sau uku. Wallahi ban iya rarrabewa ba, ta Baffa nake rerawa ko tawa.