Kati Biyu, Hauwa'u Ɗaya

Ina tsakar gida a Tambuwal, littafin labari bisa cinyata, mai babur ya yi sallama daga Dogon Daji ya ce yayata Hauwa'u ta cika. Ƙurji ne fa kawai ya kai ta asibiti.

Ita ta goye ni a Kebbe. Ko da aka yi mini aure, in ta zo ta tarar ina karatu, sai ta wuce madafa tana cewa, "Ke 'yar mafarki, mutanen littafin ga sun ci tuwo, mijinki ne bai ci ba." Amma da ta kwashe tuwon za ta zauna ta ce, "To, mi ya faru da yarinyar? Ya aure ta?" Ba ta taɓa barin baƙo ya fita ba ta ɗaura masa ko daddawa ba.

Tun tana budurwa allurar fenisilin ta kusa kashe ta, jikinta ba ya karɓar maganin. Baba ne ya buɗe mata kati a wani asibiti, da sunan Hauwa'u Usman, likita ya rubuta gargaɗi da jan biro. Ranar da mijinta, Malam Bello, ya kai ta wancan asibitin dai, zazzaɓi ya rufe mata baki. Sunanta sunan mahaifiyarsa ne, bai taɓa furta shi ba. Da mai kati ya tambaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kulu." Aka rubuta Kulu Bello, sabon kati fari tas. Ba wanda ya ce, ta taɓa zuwa? Aka yi mata allurar.

Ban ga laifin kunyar Malam Bello ba, tarbiyyarsa ce. Amma ginin nan sabo ne, fenti da fanka ko'ina, kuma katunan biyu suna kabad ɗaya. Da na je na yi magana, mai katin ya ce, "Hajiya, kwana ne ya ƙare." Na sani. Tambaya ɗaya ma kwananta ya ƙare ne?

Na sa ya nemo na ɗiyarta Nana. Uku ya fito da su, kowanne da sunansa. Na tsaya har ya haɗe su, ya rubuta abin da ya kashe uwarta a sama.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka kabarinki. Ya raya Nana. Ya ba Malam Bello haƙuri, shi da yanzu yake kiran cikakken sunanki a kowace addu'a.